Sola ta yi araha, injina sun ƙara inganci, me ya sa hayaƙin kabon bai ragu ba?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya ɗaure mini kai, ina fatan masana da ke nan za su warware mini shi.

Farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, na batir ma kusan haka. Kwan fitila na LED mai wat 9 yana ba da hasken da a da sai mai wat 60 ke bayarwa. A 2023 kusan kashi 30 cikin ɗari na wutar lantarkin duniya daga ruwa da rana da iska da makamantansu ta fito. Amma a shekarar 2023 ɗin iskar kabon da aka fitar ta hanyar ƙona kwal da mai da gas ta kai wajen tan biliyan 37, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. To ina ribar ta shiga?

Tambaya ta biyu. Birtaniya da Jamus suna cewa sun rage hayaƙinsu sosai tun daga 1990. Wasu kuma na cewa ba ragewa suka yi ba, masana'antun ne suka koma Sin, kayan kuma suna dawo musu cikin kwantena. Wanne ne gaskiya? Ina son a nuna mini yadda ake yin lissafin, ba ra'ayi kawai ba.

Injiniyan Lantarki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Alƙalumanka duk daidai ne. Inda tangarɗar take shi ne ɗauka cewa kowane yunit da sola ta bayar ya kori yunit ɗin kwal. Sau da yawa ba haka abin yake ba, ƙari ne kawai a kan wutar da ake da ita.

Mu fara daga tushe. Hayaƙin ƙasa, ko na duniya baki ɗaya, abubuwa huɗu ne ake ninkawa da juna: yawan jama'a, arzikin da kowane mutum ke samarwa, makamashin da ake ci wajen samar da wannan arziki, sai kabon da ke cikin kowane awo na makamashin. Wani masani ɗan Japan, Yoichi Kaya, shi ya tsara lissafin a haka. Ingancin injina yana rage na uku, sola da iska suna rage na huɗu, biyun farko kuwa hawa suke yi. A ce tattalin arziki ya ƙaru da kashi 3 a shekara, inganci ya rage cin makamashi da kashi 2, wuta mai tsafta ta rage kabon da rabin kashi. A cire biyu da rabi daga uku, saura rabi. Hayaƙi ya ƙaru ke nan, alhali kowa ya yi aikinsa. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na Dubai a 2023 aka yi alƙawarin abu biyu tare: ninka makamashi mai sabuntuwa sau uku, da ninka saurin inganci daga kusan kashi 2 zuwa 4 a shekara kafin 2030. Ɗaya ba ya isa ba tare da ɗayan ba.

Abu na biyu, kashi 30 ɗin nan na lantarki ne kaɗai, lantarki kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na makamashin da jama'a da masana'antu ke amfani da shi kai tsaye. Sauran man tirela ne da na jirgi, da wutar tanderun siminti da ƙarfe, da ɗumama gidaje. Kuma kusan rabin kashi 30 ɗin ma madatsun ruwa ne da suka daɗe suna aiki. Rana da iska a haɗe sun ba da kashi 13 da ɗoriya ne a 2023.

Yanzu ga lissafin da ka nema. Megawat ɗaya na sola ba daidai yake da megawat ɗaya na kwal ba. Shekara tana da awa 8,760. Tashar sola a wuri mai rana sosai tana ba da kusan kashi 18 zuwa 22 cikin ɗari na abin da za ta bayar da a ce dare ba ya yi, gajimare ba ya taruwa. Ɗauki 18. Idan ka ninka 8,760 da 0.18 za ka sami yunit kusan miliyan 1.58 a shekara, yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Sai ka tambayi kanka, wace tasha ce ta rage wuta saboda wannan sola ta shigo?

Idan ta kwal ce, kowane yunit yana fitar da giram 900 zuwa 1,000, ka kauce wa tan 1,400 zuwa kusan 1,600 a shekara. Idan tashar gas ce ta zamani, wadda ke sake amfani da zafin hayaƙinta ta juya injin tururi, giram 370 zuwa 400 ne, ribar ta sauko tan 600. Idan janareton dizal ne, lita ɗaya tana fitar da kilo 2.68, babban janareto kuma yana shan kusan lita 0.3 a kan kowane yunit, wato giram 800, ƙananan janareto sun fi haka muni. Idan kuwa wutar madatsar ruwa ko ta nukiliya ta kora, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Faifai iri ɗaya, rana iri ɗaya, amma sakamakon ya bambanta daga tan 1,500 zuwa kusan babu. Kuskuren da ake yawan yi a rahotanni shi ne amfani da matsakaicin kabon na wutar ƙasar gaba ɗaya, maimakon na tashar da aka rage mata wuta a wannan awar.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Sola tana cika layi da tsakar rana, buƙata kuma tana kaiwa ƙololuwa bayan faɗuwar rana. A California an daɗe ana ganin haka: da rana wuta ta yi yawa har a umarci wasu tashoshin sola su tsaya, da magariba kuma tashoshin gas su tashi da gudu. Tashar kwal ba a kashe ta da rana a kunna da yamma yadda ake so, tukunyar tururinta tana ɗaukar awanni kafin ta yi zafi, kuma yawan zafi da sanyi yana tsattsaga bututunta. Don haka sai a bar ta tana aiki a ƙasa-ƙasa, inda take ƙona kwal mai yawa a kan kowane yunit. Batir ne maganin wannan, mai ɗaukar awa huɗu shi aka fi girkawa, amma a sani cewa cikin yunit 100 da aka zuba masa 85 zuwa 90 ne ke dawowa. Kuma idan da wutar kwal aka yi masa caji da dare, hayaƙi ya ƙara, bai rage ba.

Layin wuta shi ne abin da aka fi mantawa da shi. A Jamus iska tana arewa, manyan masana'antu suna kudu da yamma. Idan layin ya cika, sai a tsayar da injinan iska a arewa a kunna gas a kudu. Ana iya kafa tashar sola cikin shekara ɗaya ko biyu, babban layin wuta kuwa yakan ci shekara goma tsakanin neman izini da shari'ar filaye da jiran taransifoma.

A kan faifan kansa akwai ƙananan asara da ke taruwa. Ana auna ƙarfinsa ne a zafin digiri 25, kowane digiri ɗaya sama da haka yana cin kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. Faifan da ya kai digiri 60 da rana tsaka ya rasa fiye da kashi 10. Ƙura tana cin nata, inuwar da ta faɗa kan faifai ɗaya tana jan duk jerin da aka haɗa shi da su ƙasa, tsufa yana cin kusan rabin kashi a shekara, inbata kuma takan buƙaci canji bayan shekara 10 zuwa 15, alhali faifan zai kai 25 zuwa 30. Wanda bai sa waɗannan a lissafi ba zai yi alƙawarin ragin da ba zai cika ba.

Duk da haka kada a fahimce ni a baibai. Inda aka haɗa sabuwar wuta da rufe tsohuwa, hayaƙi ya sauka ƙwarai. A 2012 kusan kashi 40 cikin ɗari na wutar Birtaniya daga kwal take. A 2013 suka sa wa kabon farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba a ɓangaren lantarki, iskar teku da gas suka shigo, ranar 30 ga Satumba 2024 aka rufe tashar kwal ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar. Wannan ragin ba a kai shi ko'ina ba, don wutar fitilar London ba a kwantena take zuwa ba.

Malamar Tattalin Arziki ta rubuta:

Injiniya ya gama da ɓangaren wuta, ni bari in ɗauki tambaya ta biyu, don amsarta tana tsakiya ne, kuma ɓangarorin biyu kowa yana ɓoye rabin da bai yi masa daɗi ba.

Littafi biyu ake riƙewa. Na farko, wanda ƙasashe ke kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarƙashin yarjejeniyoyin sauyin yanayi irin su ta Kyoto ta 1997 da ta Paris ta 2015, yana ƙirga hayaƙin da ya tashi a cikin iyakar ƙasa. Na biyu yana bin mai saye: a ɗauki hayaƙin cikin gida, a cire na kayan da aka fitar waje, a ƙara na kayan da aka shigo da su. Idan aka narka ƙarfe a Sin aka ƙera firji aka sayar a Faransa, littafin farko ya rubuta wa Sin, na biyu ya rubuta wa Faransa. Bincike ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin kabon na duniya yana tashi ne wajen yin kayan da za su ƙetare iyaka. Ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasar da ta rufe masana'antarta ta koma sayo kayan daga waje kamar wanda ya share ɗakinsa ne ya tura sharar tsakar gida, gidan dai bai tsarkaka ba.

To me littafi na biyu ya nuna? Daga 1990 zuwa wajen 2007 masu zargin suna da gaskiya sosai. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamba 2001, cikin 'yan shekaru hayaƙinta ya yi tashin gwauron zabi, wajen 2006 ta wuce Amurka. A lokacin hayaƙin cikin gida na Birtaniya yana sauka, na sayayyarta kuwa bai sauka ba. Amma daga wajen 2007 littattafan biyu duk sauka suke yi a Birtaniya da Jamus da Amurka. Na cikin gida a Birtaniya ya ragu da kusan rabi tun 1990, na sayayya ya ragu ƙasa da haka, amma ya ragu. A ɗaya ɓangaren kuma, idan aka cire abin da Sin ke fitarwa aka ƙara abin da take shigowa da shi, bambancin yanzu wajen kashi 10 cikin ɗari ne na hayaƙinta. Sauran na gine-ginenta ne da titunanta da wutar gidajen mutanenta. Don haka wanda ya ce duk yaudara ce ya yi kuskure, wanda ya ce babu komai a zargin shi ma ya yi kuskure.

Ciniki yana taɓa hayaƙi ta hanyoyi uku, masana tattalin arziki Grossman da Krueger suka rarrabe su a 1991 lokacin da ake muhawara kan yarjejeniyar cinikin Amurka da Meziko da Kanada. Yana ƙara yawan abin da ake ƙerawa, wannan yana ƙara hayaƙi. Yana sauya irin sana'ar da kowace ƙasa ke yi, wannan yana iya ƙarawa ko ragewa. Yana kuma yaɗa sabbin injina da dabarun aiki, wannan yana ragewa. Masu nazari da yawa sukan zuba alƙaluman ƙasashe cikin kwamfuta su fito da lamba ɗaya su ce ciniki yana ƙara kabon da kaza, ko yana rage shi da kaza. Ni ba na ba irin wannan lamba muhimmanci sosai, domin ta cakuɗa abubuwa uku masu jan juna, kuma sakamakon yakan juya idan aka canja ƙasashe ko shekarun da aka ɗauka.

Abin da ya fi amfani shi ne a duba kaya ɗaya-ɗaya. Dubi alminiyam. Narka tan ɗaya yana cin yunit kusan 14,000 na lantarki. Idan da wutar kwal aka yi, hayaƙinsa duka-duka yakan kai tan 16 zuwa 20. Idan da wutar ruwa ne, kamar a Norwe ko Kanada, wajen tan 4 ne. A nan sayo shi daga nesa ya fi yin sa a gida da kwal nesa ba kusa ba.

Mutane suna kuma zuzuta nisan tafiya fiye da kima. Babban jirgin kwantena yana fitar da kusan giram 10 zuwa 20 a kan tan ɗaya a kilomita ɗaya, tirela 60 zuwa 150, jirgin sama na dakon kaya 500 zuwa sama. Faifan sola mai wat 550 nauyinsa wajen kilo 27 ne. Idan ya yi tafiyar kilomita 15,000 a teku, a giram 15, hayaƙin dakonsa kilo 6 ne kacal, na ƙera shi kuwa ɗaruruwan kilo ne, galibi daga wutar da ake ci wajen tace silikon. Abin tambaya a kan kowane kaya shi ne da wace wuta aka yi shi, sannan ta ruwa ya zo ko ta sama. Sai dai a lura, man jiragen ruwa da na sama masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe ba ya shiga jimillar kowace ƙasa a littafin farko, gefe ake rubuta shi. Jiragen ruwa kaɗai suna da kusan kashi 3 cikin ɗari na hayaƙin duniya.

Arahar solar da Malam ya fara da ita ma ai ɗiyar ciniki ce. Tallafin Jamus na farkon shekarun 2000 ya buɗe kasuwa, masana'antun Sin suka faɗaɗa, duk lokacin da jimillar faifan da aka taɓa ƙerawa ta ninka farashi yana sauka da kusan kashi 20. Yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na ƙera faifan a Sin yake. Ƙasar da ta ɗora masa kuɗin fito mai nauyi don kare masana'antarta, kamar yadda Amurka ta yi a 2012 da 2018, tana da dalilinta, amma ta san tana rage saurin girka sola a gida.

Tama da Ƙarafa ya rubuta:

Malama, na yarda da ke a kan dako, amma ina ganin ku biyun kun yi wa masana'antu masu nauyi sassauci. Akwai hayaƙin da ko an ba ka wutar sola kyauta ba zai tafi ba, domin daga cikin dutsen yake fitowa.

Siminti: ana gasa farar ƙasa a tanderu mai zafin digiri 1,450. Dutsen da kansa yana rabuwa ya saki kabon, kusan rabin tan a kan kowane tan na dunƙulen da ake niƙawa a yi siminti. Wannan shi ne kusan kashi 60 cikin ɗari na hayaƙin masana'antar, man tanderun shi ne sauran. Hanyar da ke aiki yanzu ita ce rage dunƙulen a cikin buhu, a cika da tokar tashar kwal, ko kashin tanderun ƙarfe, ko yumɓun da aka gasa a digiri 800 haɗe da garin farar ƙasa. Matsalar ita ce tokar da kashin suna raguwa yayin da ake rufe tashoshin kwal, kuma simintin da aka cakuɗa yakan yi jinkirin ƙarfi a kwanakin farko, magina ba sa so don yana hana su cire katako da wuri.

Ƙarfe: tama ƙarfe ne da iskar oksijin ta riƙe, sai an ba ta kabon ya janye oksijin ɗin. Babban tanderu mai aiki da gasasshen kwal yana fitar da kusan tan 2.3 a kan tan ɗaya na ƙarfe. Idan da gas aka sarrafa tamar aka narka da lantarki, wajen 1.4 ne. Idan tsofaffin ƙarafa aka narka da lantarki, wajen 0.7. Kowa zai ce to a koma tsofaffin ƙarafa, amma ba su isa ba, kuma tagullar wayoyin da ke cakuɗe da su ba ta fita da narkawa, tana sa ƙarfen ya tsage wajen murzawa, don haka bai dace da fallen jikin mota ba sai an gauraya shi da sabo. Siminti da ƙarfe kowanne yana da kashi 7 zuwa 8 na hayaƙin duniya, kuma tanderun da aka gina bana zai yi shekara 40 yana aiki. A ganina a nan ne wasan yake, ba a kwan fitila ba.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, kaina ya waye sosai. Saura abu biyu. Malama, na ji Tarayyar Turai ta fara karɓar harajin kabon a bakin iyaka, yaya ake lissafa shi, kuma zai toshe wannan ɓarakar? Injiniya, motar lantarki da ake yi wa caji da wutar kwal, akwai riba a cikinta ko babu?

Malamar Tattalin Arziki ta rubuta:

Amin, Malam. Tsarin ana kiran sa CBAM. Tun 2005 masana'antun Turai suke sayen takardar izini a kan kowane tan da suka fitar, amma masu ƙarfe da siminti ana ba su mafi yawa kyauta don kada su gudu. Sabon tsarin yana janye kyautar a hankali, ya ɗora wa kayan waje kuɗi daidai da na gida. Daga 1 ga Oktoba 2023 zuwa ƙarshen 2025 rahoto kawai ake bayarwa, daga 2026 lissafin kuɗi ya fara. Kaya shida ya shafa: ƙarfe, siminti, alminiyam, takin zamani, lantarki da haidirojin.

Mai shigo da kaya zai nemi masana'antar da ta yi su ta ba shi adadin hayaƙin kowane tan, wanda mai tantancewa da aka amince da shi ya duba. A ninka da farashin kabon na kasuwar Turai, a cire abin da aka riga aka biya na kabon a ƙasar da aka yi kayan, a kuma cire daidai kyautar da masana'antun Turai ke samu har yanzu. A ce tan ɗaya na ƙarfe yana ɗauke da tan 2 na kabon, farashi kuma a ce Yuro 70 ne, cikakken kuɗin Yuro 140 ke nan idan kyautar ta ƙare. A 2026 kashi 2.5 cikin ɗari kawai aka janye na kyautar, sai 2034 za ta ƙare gaba ɗaya.

Zai toshe wani ɓangare, ba duka ba. Masana'antar da ba ta da alƙaluman da aka tantance, za a yi mata lissafi da adadin da hukuma ta ƙayyade, wanda yakan fi nata yawa, ƙananan masana'antu a ƙasashe masu tasowa su ne wannan ya fi cutarwa. Babban kamfani mai tanderu iri biyu kuma zai iya tura ƙarfensa mai tsafta Turai, ya sayar da mai datti a wata kasuwa, takarda ta yi kyau, sararin sama bai ga canji ba. Abin da ya fi damuna shi ne alminiyam: a yadda dokar ta fara, hayaƙin tukunyar narkawa ake biya, ba na lantarkin da ta ci ba, alhali a can ne bambancin tan 4 da tan 18 yake. Indiya da Sin da wasu ƙasashe suna kallon tsarin a matsayin kariyar kasuwa da aka sa wa rigar muhalli, kuma ƙorafinsu na cewa kuɗin yana zama a Turai ba ƙorafin banza ba ne.

Injiniyan Lantarki ya rubuta:

A kan mota, ga lissafin kilomita 100. Motar fetur mai shan lita 7, kowace lita kilo 2.31, ya zama kilo 16 daga salansa. A ƙara na haƙo mai da tace shi da dakonsa, ya kai wajen kilo 20. Motar lantarki tana cin yunit 18, a ƙara asarar caji da ta layi ya zama wajen 20. Da wutar kwal zalla, a giram 950, kilo 19 ne, kusan kunnen doki. A layin da ke da giram 400 a yunit, kilo 8 ne, ribar kilo 12.

Sai bashin batir. Ƙera shi yana fitar da kusan kilo 60 zuwa 100 a kan kowane yunit na girmansa, gwargwadon wutar masana'antar. Batir mai yunit 60, a kilo 75, tan 4.5 ne. Raba 4,500 da 12 ka ninka da 100, za ka ga sai motar ta yi kilomita 37,500 kafin ta biya bashin, daga nan riba ce har ƙarshen rayuwarta, kuma ribar tana ƙaruwa duk shekarar da layin ya ƙara tsafta. Babbar mota mai batir ɗin yunit 100 da ba ta yawan tafiya za ta daɗe ba ta biya ba. Tasi da bas da babur da ke kan titi kullum su ne suka fi saurin biya.

Akwai kuma abin da ke cin ribar inganci ta bayan gida, masanin tattalin arziki Jevons ya lura da shi tun 1865 a kan injin tururi: abu idan ya yi araha, amfani da shi ƙaruwa yake yi. Wanda kilomita ta yi masa sauƙi zai ƙara tafiya, wanda fitila ta daina cin kuɗinsa zai ƙara kwan fitila. A gidaje da motoci wannan yakan cinye wani ɓangare ne na ribar, ba dukanta ba, amma dole a rage shi daga lissafi. Sabuwar fasaha ma tana zuwa da yunwarta, cibiyoyin ajiyar bayanai na intanet sun ci kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya a 2024, kuma suna buƙatarta dare da rana.

Idan kana da zaɓin lokacin caji, duba irin wutar da ke kan layinku. Inda sola ta yi yawa, yi caji tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3 na rana, lokacin da ake zubar da rarar wuta. Inda iska ce ta fi yawa, tsakar dare yakan fi. Ka guji awannin bayan magariba, don a lokacin ne ake tayar da tashoshin da suka fi kowanne hayaƙi domin cike giɓi.